Zainulabidin, Sun Shanye Kwalabenka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Safar, Allah ya karɓi ran taubashina, Zainulabidin Yahaya, bayan babur ɗinsa ya kife a hanyar Kajiji. A Bodinga munka yi masa sutura.

Yaya Zainu, kai ne mutum ɗaya da na zuba wa garin maɗaci a fura bai zage ni ba. Ka kurɓa, ka yamutsa fuska, ka ce, "Maniru, ƙaro min, wanga ɗaci da aiki gare shi." Daga ranan ka mai da ni abokin yawo. Munka bi Sifawa da Dandin Mahe muna tsinkar shuwaka da garafuni da darbejiya, kana tace ruwansu cikin ƙananan kwalabe.

Ni da ban wuce makarantar allo ba, ka zaunar da ni ka fahimtar da ni. Ka ce harshe na da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ɗaci kuwa mabuɗi ne da ke shiga cikinsu. Kana biya wa kwamfuta misalai, yadda Malam ke biya mana allo, har ta iya cankar wace ƙofa sabon magani zai taɓa tun ba a sa shi a baki ba. Na ce kwamfutarka gardiya ce marar harshe. Ka yi dariya, ka nuna mini ɗiyarka Nusaiba, wadda ke tofar da maganin zazzaɓi duk dabarar uwarta. Ka ce don irinsu kake yi, a san inda ɗacin ke kamawa, a toshe shi.

Yanzu bari in ba ka labarin da ke tayar mini da zuciya. Mutanen da sunka riƙa ce maka mahaukacin ganye, su ne tun ba a yi sadakar uku ba sunka kutsa ɗakinka. Wai tunda ana ce maka Dakta, ruwan kwalaben nan magani ne da ka ɓoye wa dangi. Wannan ya ɗauka don basir, waccan don ciwon shawara. Baba Mijinyawa ya kafa kai ya shanye biyu, ya dawo da su kan tabarmar masu gaisuwa, gaban liman. Kwalaben da za a auna a tabbatar ko kwamfutar ta canka daidai, Yaya, a makwarara sunka ƙare. Ko kunyar matarka Anti Kaltume da ke takaba a ɗakin ba su ji ba.

Da na ga za su ƙarar, sai na yi masu dabara, na tsaya bakin ƙofa na ce, "Baba, kada dai kwalabar matsarmamar kare ce kunka sha?" Kafin la'asar an maido mini ragowar, har da waɗanda sunka riga sunka kai Shagari. Suna ƙarƙashin gadon Inna, mahaifiyarka, ba wanda zai taɓa su sai abokiyar aikinka Malama Bahijja ta zo daga Sakkwato.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa aikin nan ya zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna da Anti Kaltume haƙuri, ya raya Nusaiba. Jiya ma ta tofar da maganinta a rigata, ban ko goge ba.

Maniru, Bodinga