Ruwan Lolo da alif ɗin Inna

Da safen nan, ina shirin fita aiki, aka kira ni: Dakta Sahabi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya duba min project a jami'a. A tekun Kwatano ya yi bincikensa, kan bakteriyar cikin ruwa. Kullum yana cewa abu biyu ke juya su, abincin da ke shigo musu da ƙananan halittun da ke cinye su. "Kamar garken shanu ne, ga ciyawa ga kura."

Ya so ya gwada haka a kogin Kwara, inda takin gonakin shinkafa ke gangarowa. Da ya ji ni ɗan Bagudo ne, sai ya ba ni kwalabe, ya ce in ɗebo masa ruwan kogin a Lolo, can yankinmu, lokacin damina, kada in taɓa shi da komai.

Na ɗebo, na ajiye a gida, na tafi gaisuwa. Kafin in dawo Inna ta jefa alif a kowace kwalba. Wai ba a kai wa babban mutum ruwa mai laka.

Alif ya kwantar da komai, da abincin da masu cin. Na zuba na saman a wasu kwalabe na kai masa, na yi gum, don tsoron kada in maimaita shekara.

Wata biyu yana fama a lab, sakamako ya ƙi fita. Bai tuhume ni ba, ya ba ni wani aikin na gama. Shi kuwa sai da ya jira wata daminar, ya hau kabu-kabu har Lolo, can bakin iyaka, da ciwon bayansa, ya ɗebo da kansa.

Bara muka haɗu a kasuwar Lolo. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaishe da Inna. Ban taɓa ganin ruwan Kwara mai tsabta kamar nata ba."

Ashe ya sani. Ya tsaya yana kallona, yana jira. Ni kuma na yi dariya na tambaye shi ya hanya.

Wallahi kunya nake ji. Shekara shida ina da lambarsa, ban iya cewa "Malam ka yafe min" ba. Yau ga shi ina faɗa wa duniya, shi ba zai ji ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ni kuma ku roƙa min gafara.