Ƙanwarki Ce Ke Tambaya

Ko da zan manta ranar da aka miƙa mini digirin dokta, ba na jin zan manta yammacin da aka yi mini walimarsa a gidanmu na unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini ina tsakiyar koyarwa, sai kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa, in juya ga allo in yi kamar akwai abin da nake gogewa.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, Babanmu kuwa Bafulatani ne na gidi, irin waɗanda zaman gari da karatun boko ba su rage musu komai ba. Malamin lissafi ne har ya yi ritaya. A al'adarsu uba yana jin kunyar ɗansa na fari: ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce da ƙannena, "Ina yayarku?" In na durƙusa gaishe shi, rediyonsa yake kallo ya amsa. Innarmu ta rasu ina sakandare, sai Goggo, ƙanwarsa, ta dawo ta riƙe mu. Na san al'ada ce, kowa ya sha gaya mini. Amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba, ga ni da zuciya a kusa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ina yarinya shi ne karatun tabarma. Da yamma Baba zai shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinmu, ya zaunar da ƙanwata mai bi mini, wadda a lokacin tana firamare, ya kama koya mata aljabra da lissafin kusurwa da murya kamar yana gaban aji. Ita tana hamma tana wasa da yatsun ƙafa, ni kuma ina cikin ɗaki ina cika ina batsewa, ga jarrabawa a gabana. Don haushi nake kasa kunne ina kwashe duk abin da ya faɗa. Na ce a raina, tunda ba za a koya mini ba, zan sata.

Satar ta yi mini rana, domin ita ta kai ni har wata jami'a a Turai, inda na yi bincike a fiziks na kwantum, ɓangaren da ake lissafa halin tarin ƙwayoyi. Ilektiron ɗaya, wato 'yar ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, lissafinta ba ya gagara. Amma in suka taru ba adadi a cikin ɗan guntun ƙarfe, kowace tana ture kowace, sai su fito da wani hali da ba za ka taɓa gani a jikin guda ɗaya ba. Wannan halin na taro shi na zauna ina bi da lissafi shekara da shekaru, cikin sanyi da kaɗaici da dankalin da ba yaji.

Kowace Asabar da hantsi ƙanwata takan kira ni. A lokacin ta zama nas, tana aiki a wani asibiti a Gombe. Da fari hirar gida ce kawai. Sai wata rana ta ce, "Adda, wai aikin nan naki, me kike nema ne takamaimai?" Na yi dariya na ba ta amsar da ake ba yara. Asabar ta gaba ta dawo da wata. "Adda, kin ce in aka sanyaya wasu ƙarafa sosai wuta na bi ta cikinsu ba tare da waya ta yi zafi ba. To turjiyar da ke sa waya zafi ina ta tafi?" Na ɗan gyara zama. Na ce mata a irin wannan sanyin, wanda firiza ba ta ko kama ƙafarsa ba, ilektiron sukan haɗu biyu-biyu, sannan dukkansu su yi tafiya ɗaya, ba mai karo da komai.

"To ai kin ce ture juna suke yi," in ji ta. "Yaya masu ture juna za su haɗu?"

Wannan tambayar ɗaliban digiri na biyu ma ba kowa ke yinta ba. Na ce ta ɗauka mutum biyu ne da ba sa ga maciji, aka zaunar da su a kan katifa ɗaya mai laushi. Na farko ya zauna katifa ta lotsa, na biyu ko bai so ba sai ya gangaro wajensa. Ƙwayoyin zarra da suka yi sahu a cikin ƙarfen su ne katifar. Ba su biyun ke jan juna kai tsaye ba, abin da ke tsakaninsu ne ke haɗa su. Na ji shiru a waya, har na ɗauka layi ya yanke, can sai ta ce, "Hmm. To, an gane." Na ajiye waya ina mamakin yadda aikin jinya ke buɗe kai.

Tambayar da ban amsa ba ta zo ne a mako mafi muni. Lissafin da na yi watanni ina yi ya rushe, malamin da ke duba aikina ya ce in sake daga tushe. Ita kuwa ta kira da fara'arta. "Adda, waɗancan na tangaran da kika ce su ma wuta na bi ta cikinsu ba turjiya, amma ba sa buƙatar sanyi sosai, su ma katifar ce ke haɗa su ko wani abu ne daban?"

Na ce, "Aljanu ne ke haɗa su. Ke da allura da auduga, me ya haɗa ki da tangaran? Wanda ya kamata ya tambaya ko sunan abin da nake karantawa bai sani ba. Da akuyarsa ce ta yi shekaru haka a waje da ya tambayi lafiyarta." Ta ce, "Adda..." Na kashe wayata. Daga ranar tambayoyi suka ɗauke, muka koma hirar wa ya haihu wa ya yi aure. Ban ma lura sosai ba.

Da na gama na dawo, abu ɗaya nake so a duniya, kuma ban gaya wa kowa ba: Baba ya buɗe baki ya sa mini albarka a kan wannan karatu, ko da kalma biyu ce. Goggo ta haɗa walima ta mata. Aka yi masa da miyar taushe, aka yi zoɓo, tsakar gida ta cika da dangi da maƙwabta da ƙawayen Goggo daga unguwar Arawa. Tun bayan azahar ban ga Baba ba. Na ce a raina, ya tafi majalisarsu, ko yau ma ba zai iya zama ba.

Ana cikin ci wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta kama hannuna ta ce, "Kai, Malam ya yi sa'ar 'ya. Yau ai bakinsa ba zai rufu ba don murna."

Da na yi murmushi na ce na gode, da shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi kuma, "Wace murna, Hajiya? Kin gan shi a nan? Ku bar cewa kunya ce. Mutumin da bai taɓa tambayar me nake karantawa ba, bai taɓa koya mini ko ɗaya da ɗaya ba, alhali malamin lissafi ne. Wannan ba kunya ba ce, rashin damuwa ne aka sa masa rigar al'ada."

Wata ta ajiye kofin zoɓonta a hankali. Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ke, ba ki da semtende ne?" wato kunya. Idonta kuma ba a kaina yake ba, yana kan tagar ɗakin Baba da ke kallon tsakar gida. Tagar a buɗe take, labule ne kawai, ga takalmansa a bakin ƙofa. Ashe bai je ko'ina ba. Yana ciki tun azahar yana sauraron mata suna yabon 'yarsa.

Ƙanwata ta fizgi hannuna har kicin ta turo ƙofa. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Adda, don Allah ki kalle ni da kyau. Na yi miki kama da mai son fiziks? Sau biyu na faɗi shi kafin in samu shiga makarantar jinya. Ni fa har yau ban san mene ne ilektiron ba, kuma wallahi ban damu in sani ba."

Na ce, "To tambayoyin fa?"

"Nasa ne! Duk nasa ne. Kowace Asabar zai ce in zo in kira ki, in sa waya a sifika in ajiye a kan tabarma. Yana gefena yana raɗa mini, ni ina maimaitawa kamar aku. Ranar katifar nan dariya ya dinga yi ba sauti har da hawaye, da kika kashe ya ce wannan bayanin ko shi da ya shekara yana koyarwa ba zai yi kamarsa ba. Mako guda yake yi yana juya amsarki kafin ya haɗo ta gaba."

Na jingina da buhun gawayi. Da kyar na ce, "Ranar akuya fa?"

"Yana nan zaune. Ya tashi ya ɗauki buta, ga shi ba lokacin salla ba. Asabar ta gaba na zo ya ce in bar ki ki huta, aiki ya yi miki yawa." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ƙara wadda ta gama da ni. "Kuma wai bai taɓa koya miki ba. Ke da kike dokta, kin taɓa ganin inda ake koya wa 'yar firamare aljabra? A bakin ƙofar ɗakinki, da ihu, kuma sai lokacin jarrabawarki? Ni ce na sha zaman tabarma sauro na cizona, ke kina ciki kina samun ilimi."

Na yi shekaru ina bayyana wa mutane yadda abu biyu da ba sa iya kusantar juna ke haɗuwa ta hanyar na tsakaninsu. Na rubuta shi, na kare shi a gaban farfesoshi, na yi masa misali da katifa. A gidanmu ake yinsa tun ina yarinya, ni ce kuma ban gani ba. Ban san tsawon zaman da na yi a kicin ɗin ba. Na dai san ban iya fita na yi sallama da baƙi ba, ina ji suna tafiya ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Goggo Allah ya kyauta.

Da gida ya watse, rana ta yi sanyi, Goggo ta leƙo ta ce, "Tashi ki je. Amma kar ki ce sai ya dube ki, kuma kar ki je ke kaɗai." Muka tafi da ƙanwata. Yana zaune a kan buzunsa, rediyo a kashe. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, na yi laifi. Ka yafe mini."

Bai dube ni ba. Ya dubi ƙanwata ya ce, "Yayarku ta ci abinci kuwa? Na ji tun safe take tsaye." Ta ce ban ci ba. Ya ce a ajiye mini masa. Ya murza carbinsa, can ya ce da ƙanwata, "Ke, akwai tambayar nan taki da ba a amsa miki ba."

"Wacce, Baba?"

"Ta tangaran ɗin mana. In ba katifar ba ce, mene ne?"

Ƙanwata ta juyo ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Adda, wai in ba katifar ba ce, mene ne?"

Hawaye na zuba na amsa mata. Na ce gaskiya har yau ba a gama sani ba. Kowace ilektiron kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, kuma a cikin tangaran ɗin sukan jeru wannan sama wannan ƙasa. Da yawa daga masana na zaton motsin wannan jerin ne ke haɗa su, wato su da kansu ne katifar kansu. Na ce ɗan yanki na wannan zaton na yi shekarun nan ina gwadawa da lissafi, kuma abin da na samu ɗan kaɗan ne. Baba ya gyaɗa kai ya sake jefo wata ta bakinta, na amsa, ya sake. Muka yi ta yi har aka fara kiran magariba, baiwar Allah tana tsakiyarmu tana kai da kawo da maganar da ba ta fahimtar ko kalma ɗaya.

Da ya miƙe zai tafi masallaci, ya tsaya yana sa takalmi, ya ba ni baya. Ya ce da ƙanwata, "Ki ce mata ba komai. Ki ce mata Allah ya yi albarka."

Ba ta maimaita ba, don ta ga na ji.

Yanzu ina koyarwa a wata jami'a nesa da gida, ƙanwata kuma aure ya kai ta Yola. Kowace Asabar da hantsi wayata kan yi ƙara, lambar Baba ce. In na ɗauka na gaishe shi, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙanwarki ce ke tambaya, wai kwamfutar kwantum ɗin nan da ake faɗa a rediyo..." Ni da shi duk mun san tana Yola tana fama da 'ya'yanta. Nakan ajiye duk abin da nake yi in ce, "To Baba, ka gaya mata..."

Abin da ranar ta koya mini ke nan, kuma da tsada na koye shi: kafin ka yanke cewa mutum bai damu da kai ba don bai faɗa da bakinsa ba, ka tsaya ka duba ta bakin wa yake yi maka magana. Ni tun ina yarinya mahaifina yake yi mini magana, na kuma tsaya a tsakar gidansa, a gaban baƙinsa, na ce bai taɓa ba.