Kawu Habila da Wayoyin Ranar Lahadi

A bakin kakata na fara jin sunansa, shekarar 2005, muna ɗaure kaya za mu koma Azare. Ta ce wa mahaifiyata, “Ki nemi Habila ɗan ƙanena. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kamar jaki.”

A bayan majami'a muka same shi, tsugune gaban janareta. Aikinsa ke nan duk Lahadi, don tsohon injin nan da an juya masa baya sai ya mutu. Mu muna ciki muna shan fanka, shi yana cikin hayaƙi da Littafi Mai Tsarki a cinya, yana kasa kunne ko iska za ta kawo masa wa'azi ta taga.

Ana haka wayar hannu ta cika gari, ga wuta ba ta zuwa. Kowa ya zo sujada sai ya fara biyawa ta wajen Kawu ya sa caji. Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Fasto na tsakar wa'azi sai ka ga mutum ya sulale waje.

“Baba Habila, ta cika?”

“Baba, ba a yi mini filashin ba?”

Har da shugabar zumuntar mata, wai ta fito shan iska. Iska a bakin janareta! Ɗan abin da Kawu yake tsinta ta taga ma suka hana shi ji.

Wata Lahadi fankoki suka tsaya, lasifika ta yi shiru. Sai ga Kawu ya shigo, hannu duk baƙin mai, ya zauna a bencin gaba.

“Fasto, ɗaga murya. Ni ma yau sujada na zo.”

Dattawan ikilisiya suka zauna a kansa, suka ce ya kunyata su gaban baƙi. Ba wanda ya ta da zancen wayoyin, don nasu na ciki. Ni abin da ya fi ƙona mini rai, Lahadin da ta biyo baya ya koma bakin injinsa, ya kuma karɓi wayoyin.

Na ce, “Haba Kawu! Don me?”

Ya ce, “In na ƙi, wasunsu ba za su zo ba sam. Ke dai, Lai'atu, ki riƙa zama a gaba. In an tashi ki kawo mini abin da Fasto ya faɗa, tun daga ayar da aka buɗe. Kada ki taƙaita mini.”