Guɗar Ya Kaltumi

Wai a kasuwar Gamboru akwai matar da ta kori 'yan bindigar Chadi ɗari uku da ludayi. Ni na ƙara ludayin, kuma ba ta kori kowa ba.

Ga ta can, Ya Kaltumi, bayan buhunan bandar kifi, 'yar firit cikin lafaya ruwan goro, tana kaɗa mafici kamar alƙalin ƙudaje. Sai yau ƙanwar babana, Goggo, ta nuna min ita.

Lokacin yaƙin Chadi, a ƙauyensu na bakin tafki, ta fita ɗiban ruwa ta hango mahara. Ta buɗe baki za ta yi ihu, tsoro ya mai da shi guɗa. Gari ya fito kallon amarya, ya ga bindigogi, kowa ya faɗa kwale-kwale. Goggo da goyonta suna ciki. Allah ya saka wa wannan maƙogwaro da alheri.

Yanzu mutanen ƙauyen suna unguwar Bolori, nan cikin gari, kuma ba mai wuce ta bai tsaya ba. Mata kan saki 'yar guɗa ƙasa-ƙasa, ita ta ɗaga mafici ba murmushi. Ina jin waɗanda ba su fito kallo ba take tunawa.

Bafillatani irina ba ya ƙyale Babarbariya, abokiyar wasa ce, sai na ce, "Ya Kaltumi, ashe Barebari ko ihu ba ku iya ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Da ihu na yi, da Goggonka ta shige ƙarƙashin gado. Ku ai tuwon biki ne kaɗai ke fito da ku."