Furar Baffa Idi da Turakun Mushe Kojo

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Baffa Idi, wan mahaifina, dillalin shanu a Djougou. Kakanninmu goro ya kawo su garin, amma shi ya ce ba zai yi kasuwancin abin da ba ya tafiya da ƙafarsa ba.

Lokacin da ƙasar nan ke amsa sunan Dahome, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka turo wani injiniya daga kudu, Mushe Kojo (Mushe shi ne Malam a Faransancin bakinmu), ya auna makiyayar da ke bayan ƙauyen Bariénou. Wai akwai arziki a ƙarƙashinta. Ya kakkafa jajayen turaku, suka datse burtalin da shanun Arɗo Buba ke bi zuwa mashaya. Rabin cinikin Baffa a garken nan yake. In burtali ya toshe, Arɗo zai kwashe rugarsa ya yi arewa.

Ina aiki a tashar jirgin ƙasa ta Parakou, Baffa ya aiko wai in zo da gaggawa, da Faransancina. Na zo na shirya jawabi mai zafi. Baffa ya ce in ajiye shi, in dai gaya wa baƙon cewa ba a kwana a tanti a ƙasar da Idi ke da zaure.

Kwana uku Mushe Kojo yana gidanmu. Kullum da hantsi a kawo masa fura da kindirmon ruga, har maɓallin wandonsa ya fara kuka. Ba wanda ya ambaci turaku. Ran na huɗu aka kawo ƙwarya, ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Da ruwan rijiya zalla aka dama ta.

"Ɗana, gaya masa wannan furar baɗi ce," in ji Baffa. "Na ce bari ya fara sabawa."

Na fassara ina gumi. Mushe ya tuntsire da dariya har tabaronsa ya faɗi. Washegari ya ɗauki taswirarsa, Arɗo na gaba da sanda, aka ja turakun gefe, aka bar wa shanu hanya har bakin ruwa.

Kada mai karatu ya ɗauka Baffa maƙiyin haƙa ne. Leburorin haƙar arzikin na sauka, ya kafa tukubar tsire a bakin raminsu. Arɗo ya yi damina guda bai amsa sallamarsa ba, yana faɗa wa mutane cewa Idi ya ceci shanu ne don ya gasa su. Baffa kuwa ya ce mai haƙa ma ɗan wani ne, kuma ba dutse yake ci ba.

Yau ba injiniya, ba taswira. Samari ne da shebur, kowa da raminsa yana neman arzikin nan. Ba zan zage su ba, don a unguwar Banikanni inda nake zaune, rufin kwanon gidan 'yata daga ramin mijinta ya fito. Amma ramukan a buɗe ake barin su, ciyawa ta rufe bakinsu, saniya ta rufta ta karye. Da Baffa na nan, na san sai ya ciyar da yaran nan sun ƙoshi, kafin ya tambaye su wa zai mayar da ƙasar. Kuma sai ya sayar musu da naman saniyar.

Baffa bai bar gidan bene ba, tukubar ma ta rushe. Daminar bara na hau babur na je wurin. Ramuka dama da hagu, a tsakiya hanyar na nan koriya shar, garke na wucewa. Na tambayi makiyayin, wani dattijo mai malfa, ko ya san wanda ya fitar da wannan hanya.

Ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa. "Alhaji, shanu mana. Wa zai yi?"

Ban yi masa gardama ba. Na ce Allah Ya jiƙan wanda ya nuna musu, ya ce amin, ya bi dabbobinsa.