Romon Tarwaɗa

A gidanmu ba a san wata cuta da ta fi ƙarfin romon tarwaɗa ba. Zazzaɓi ne, mura ce, jego ne, ko kunama ce ta harbi mutum, Inna za ta aika bakin ruwa a samo mata tarwaɗa mai rai, ta dafa da citta da masoro da 'yar daddawa, sannan ta tsaya a kanka sai ta ga ƙasan kwano. Har ƙanina da ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa, sai da ya sha romo kafin a kira mai ɗori.

Mu mutanen ruwa ne, daga wani ƙauye a gefen Auyo. Mahaifina masunci ne har Allah ya karɓi ransa, Inna kuwa sana'arta banda. Tana da murhun ƙasa a bayan ɗakinta, a nan take lanƙwasa kifi ta jera a kan waya, hayaƙi yana bin sa har ya yi ja ya bushe, 'yan sari su zo su kwasa zuwa kasuwar Haɗejiya. Wannan hayaƙin ya zauna mata a zane, a gashi, a tafin hannu. Muna yara ko ido a rufe muka san ta shigo ɗaki.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma da mutane ta ce "waccan". Ba ta hira da ni, ba ta wasa da ni kamar yadda take yi da ƙannena. Ina ƙarama abin yana ba ni haushi, har na girma na lura cewa kullum tsokar tsakiyar kifi a kwanona take faɗowa. Duk abin da kunya ta hana Inna faɗa mini, a kwano take zuba shi.

Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Haɗejiya, da aurena da 'ya'yana, na ji wani ɗan ƙulli a mamana na hagu. Aka tura ni Kano, aka yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne. Bayan an yi mini aiki sai aka ɗora ni a kan maganin da ake kira kemo, wanda ake ɗura wa mutum ta jijiya duk bayan 'yan makonni. Nawa ja ne wur kamar zoɓo. Kina zaune kina kallon sa yana gangarowa ta roba yana shiga hannunki, kina kuma sane da abin da zai yi miki kafin ki isa gida.

Gashina ya zube, wannan bai dame ni sosai ba, ɗankwali ya rufa asiri, na ma huta da zaman kitso. Faratana suka yi baƙi, 'yata tana tsokanata wai na sa lalle ban gayyace ta ba. Bakina ya fashe, ruwa ma in na kurɓa sai in ji kamar na tsotsi ƙusa. Amma tashin zuciya shi ne ya fi wahalar da ni. Hancina ya zama wani iri, in maƙwabciya ta soya albasa a gida na uku sai in tashi da gudu.

Washegarin dawowata ta farko daga Kano, Inna ta iso. Damina ce, ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu, sai da ta hau kwalekwale ta tsallake sannan ta sami babur. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma ga ta da kular romon tarwaɗa ɗaure a ɗankwali, ta rungume ta a ƙirji kamar jariri. Ta buɗe a gabana, tururi ya tashi.

"Ke, tashi ki sha."

"Inna, ba na jin zan iya."

"Wa ya tambaye ki abin da kike ji?"

Ta zauna a bakin ƙofa ta juya mini baya, irin zaman wadda ba ruwanta, alhali kunnenta yana kan cokali. Na sha. Na shanye tas, saboda na san ruwan da ta tsallako. Tana fita yin alwala na zaga bayi na mayar da shi duka, na wanke fuska na dawo na kwanta. Da ta ga kwano wayam, sai ta ce wa bango, "Alhamdu lillahi, tunda ana cin abinci ai da sauƙi."

Haka muka yi ta yi. Duk dawowata daga Kano, Inna da kula, ni da bayi. Maigidana ya ce, "Ki gaya mata mana, wannan ai azabtar da kai ne." Na ce, "Kai ka gaya mata." Shi kuwa ko gaisuwa daga soro yake durƙusawa ya yi mata, bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskar surukarsa ba. Ni kuma ta yaya zan buɗe baki in ce wa Inna abincinta ne yake tayar mini da zuciya? Iyakar maganar da ke tsakaninmu ke nan tun ina goye.

A ɗakin ƙarin maganin akwai wata dattijuwa 'yar Kaugama da kujerunmu suke yawan haɗuwa, ta riga ni farawa. Wata rana ina ba ta labarin romon, ina dariya, sai na ga ita ba ta yi dariya ba.

"Kash, 'yar nan, ba a yin haka," in ji ta. "Kwanakin da zuciya ke tashi, abin da ba ki damu da shi ba ake ci. In kika ci abin da kike so, jikinki zai ɗauka shi ne ya cuce ki. Ni fura na yi wa haka. Yanzu ko mai tallar nono na hango sai in canja hanya."

Na ce ai ni da kifi sai mutuwa, a cikinsa aka haife ni. Ashe lokacin ma aikin gama ya gama.

Zuwan Inna na gaba, ko buɗe kular ba ta yi ba. Ta same ni a kwance, ɗankwalina ya zame, ta ga kaina tal babu gashi ko ɗaya. Ba ta taɓa gani ba. Sai ta yi abin da rabona da shi tun ina 'yar mitsitsiya: ta sunkuyo ta ɗora tafin hannunta a kaina. Hannun nan mai ɗumi ne, amma da shi hayaƙin banda ya zo, ya cika mini hanci. Cikina ya juya. Na ture hannun, na yi amai a gabanta, a kan zanenta ma.

"Inna, don Allah fita. Warin kifin nan ne, a jikinki yake."

Ban san na faɗa ba sai da na ji shi a kunnena. Ta dubi hannunta, ta dube ni, ta ce, "To." Ta ɗauki kularta ta fita. Na ji tana tambayar 'yata inda buta take.

Ta daɗe ba ta zo ba. Na yi kuka, na yi fushi da maganin, na yi fushi da hancina, na yi fushi da ita ma, don me ba za ta yi mini faɗa ba kamar kowace uwa. Ƙanina ne ya zo ya ba ni labarin abin da ake ciki a gida. Ya ce Inna ta rushe murhunta da taɓarya, ta ba maƙwabciya waya da itacen da ta tara. Ta kwashe kayan sawarta ta kai bakin ruwa ta wanke da toka da sabulu, ta shanya, ta shinshina, ta sake wankewa. Waɗanda suka ƙi sakin wari ta bayar da su. Ta tsefe kanta ta wanke, tana jiƙa hannuwanta a ruwan lemun tsami. Ta kuma daina cin kifi gaba ɗaya, matar da ba ta san tuwo ba tare da shi ba.

"Yaya, 'yan sari har gida suka zo suna ba ta baki," in ji shi. "Ta ce ta tsufa ne, hayaƙi yana damun idonta."

Da ta dawo, da kunun tsamiya ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Ke, yanzu fa?"

Na ja numfashi a hankali. Babu komai sai sabulu. Na ce, "Shigo, Inna." Ta shigo ta zauna a gefen tabarma, hannuwanta a cinya, sun yi fari sun tsattsage. Ba ta sake kai su kaina ba, ni ma ban iya cewa ta kai ba. Amma ta zauna har la'asar, kuma na sha kunun ya zauna.

Na gama karɓar magani bayan an yanke shinkafa. Gashina ya fara tsirowa laushi-laushi, ƙarfina yana dawowa, sai dai har lokacin ko busasshen kifi ba a shigowa da shi gidana. Inna kuwa tun da ta bar banda ta rasa abin da za ta yi da hannunta, sai zama, sai rama. Wani zazzaɓi ya kwantar da ita, muka ɗauko ta zuwa gidana don ya fi kusa da asibiti. Ba ta cin komai. Ƙanina ya ce bari ya samo tarwaɗa a yi mata romo, na ce maza ya je, ni zan koma gidan maƙwabta har a gama. Tana kwance ta ji mu.

"Kada wanda ya shigo da kifi gidan nan," ta ce.

"Inna, ai na warke."

"Ba da ke nake ba."

Ba a yi ba. Matar da ta ɗora rabin ƙauye a kan romo ta yi jinyarta da ruwan shayi da kunu, a ɗakina, har Allah ya yi mata rasuwa. Na san kwananta ne ya ƙare, na san romo ba ya hana mutuwa. Amma ita ta yarda da shi, kuma saboda ni ta tafi ba ta kurɓa ba. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Ciwona ya lafa, ina dai zuwa Kano ana duba ni, na koma aji. Wata rana na biyo ta gefen 'yan kifi a kasuwa, na manta ban toshe hanci ba, iska ta kwaso hayaƙin banda ta watsa mini. Na tsaya ina jiran cikina ya juya, bai juya ba. Sai kawai na ji kamar Inna ce ta shigo ɗaki. Na tsaya a tsakiyar hanya masu babur suna ta yi mini hon, wata mai kifi tana tambaya ta ko lafiya.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Auyo, na sami babur zuwa ƙauye. Matar ƙanina ta buɗe mini ɗakin. Akwai akwatin Inna da ba a riga an raba kayan ciki ba, na ce a bar ni ni kaɗai. Na durƙusa na ciro zannuwan ɗaya bayan ɗaya ina kai su hanci, har ɗankwalin da take ɗaure kula da shi, har tsummokaran da ke can ƙasa. Na san halin Inna, ba ta yin aiki rabi da rabi, amma na yi ta fatan ko ɗaya ya kuɓuce mata.

Babu wanda ya kuɓuce. Duk ƙamshin sabulu suke yi.