Takwara Biyu a Tabarma Ɗaya

Mun tashi daga Bobo da asuba, ni da wata tsohuwa mai kaji uku a kwando, wadda ta mayar da ƙafata wurin ajiyarsu. Ban damu ba, don da farin ciki na fito. Da shi na dawo? Ina!

Shekara bakwai ina cinikin zinariya da kuɗaɗen ƙasashe ta waya. Hanya biyu ce a harkar. Ko ka juya ɗan kuɗinka a asusunka na kanka, ko ka biya wani kamfanin waje ya jarraba ka, in ka ci ya ba ka jarinsa mai kauri, ku raba riba. Ni na koma ta biyu. Wata uku ina kan ɗan baffana na Zangon Wagadugu, sai da ya kwashe asusunsa kaf ya biya jarrabawar kamfanin da nake, ya kuma ci. Zuwana don in zauna kusa da shi ne a ranarsa ta farko.

A Boromo aka tsaya. Na sayi kaza gasassa da tsadar da ta sa na dubi kwandon tsohuwa da sabon ido. Shingayen bincike kuwa, sauka, nuna takarda, hau, har na daina ƙirgawa. Mun shiga Waga bayan azahar, babura kamar an kwance buhun wake.

Ɗan baffan nawa ya ɗauko ni a babur, muka ratsa gefen kasuwar Rood Woko zuwa gida. Aka kawo shinkafa da wake da zomkom mai sanyi, ruwan geron nan nasu. Washegari da hantsi muka shimfiɗa tabarma a zaure, muka hau wifi ɗaya. Malami ɗaya ya koya mana, don haka da zinariya ta faɗo inda muke jira, tare muka saya. Ta tashi. Muka tafa.

Kafin la'asar saƙo ya shigo wayoyinmu: an rufe mu duka biyu. Wai mutum ɗaya ne ke riƙe da asusu biyu.

Sunan kakanmu aka sa mana, ni da shi. A ƙauye aka haife mu shekara guda, ba wanda ya rubuta rana, ma'aikacin takardu ya maƙala wa kowa ɗaya ga Janairu. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, layi ɗaya, ciniki ɗaya.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Kwana biyu muna aika hotuna, ni baƙi dogo, shi gajere mai sanƙo, kowa da katinsa a hannu. Amsa iri ɗaya ke dawowa cikin daƙiƙa, ka san ba ɗan Adam ya karanta ba. Haba! Kun iya karɓar kuɗin jarrabawa daga mutum biyu, sai ranar riba muka zama ɗaya? Ba ofis, ba lamba, ba wanda za ka kama wa riga.

Ranar komawata, a tasha ɗan baffan nawa ya miƙo mini jakata, ya ce, "Takwara, sa va ale, komai zai daidaita. Ka gaida iyali."

Da ma zagina ya yi.

Na iso Bobo da magariba, ban ci komai a hanya ba. Abin da na koyo shi ne, jarin kamfani babba ne, amma mabuɗin yana aljihun wanda bai taɓa jin kalmar takwara ba. Naka ƙarami ne, ribarsa ba ta cika tukunya, amma ba mai korarka don sunan kakanka. Kowa ya auna kafin ya zaɓa.

Ni ban rufe tsohon asusuna ba, jiya ma na koma kansa. Shi ba shi da inda zai koma, kuma ni na ce masa ya kwashe.